Yadda Ake Warware Lissafin Ɗiban Safa a Cikin Duhu

Duk lokacin da jarrabawar shiga sakandare ta gabato, tambaya ɗaya ce iyaye da ɗalibai suke maimaita mini, har da samarin da ke shirin gwajin ɗaukar aiki: wai yaya ake yi da lissafin nan na safa a cikin duhu? Kowa da yadda tasa ta zo masa. Wani safa ce a durowa an ɗauke wuta, wani ƙwallaye ne a buhu, wani alawa ce a gwangwani. Ƙarshen tambayar dai ba ya sauyawa: guda nawa ne mafi ƙaranci da za ka ɗiba, ba tare da ka gani ba, har ka tabbatar abin da ake nema yana hannunka?

Bahaushe ya ce sa'a ta fi sammako, to amma a wannan lissafin ba a san da zaman sa'a ba. Aikinka shi ne ka ɗauki kanka a matsayin mutumin da ya fi kowa rashin sa'a, ka ƙirga iyakar abin da zai iya kwasa bai dace ba, sannan ka ƙara ɗaya. Dabarar ke nan gaba ɗayanta. Wahalar tana wajen ƙirga rashin sa'ar daidai, kuma a nan ne mutane suke zubar da maki.

Kayan aiki

Biro da takarda sun isa. Idan yaro za ka koya wa, nemi murafen kwalaben lemo kala uku da baƙar leda, mai shagon unguwa zai ba ka kyauta. Ba na son a yi da wake da gyaɗa da masara, domin hannu yana bambance su, yaro kuma zai zaɓa yana cewa bai zaɓa ba.

Misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe. Durowa ce mai ɗauke da safa baƙaƙe 10, farare 8, jajaye 4. Jimilla 22, kowace a ware, ba a naɗe su biyu-biyu ba.

Mataki na 1: Tabbatar da irin tambayar

Karanta jimlar ƙarshe sau biyu. Idan ka ga ana maganar "a tabbatar", "ko ta halin ƙaƙa", "dole", tare da "mafi ƙaranci", to tambayarmu ce. Idan kuwa aka ce mene ne yiwuwar ka zaro baƙa, wannan wani darasi ne daban, amsarsa ɓangare ce kamar 10 bisa 22. Amsar tamu kullum cikakkiyar lamba ce ta adadin kaya.

Hattara: kalmar "mafi ƙaranci" tana yaudarar yara. Yaro zai ce ai safa biyu sun isa, tunda za su iya fitowa launi ɗaya. Gaskiya ne za su iya, amma ba dole ba ne. Mafi ƙarancin da zai ba da tabbaci ake nema, ba mafi ƙarancin da zai iya dacewa ba.

Duba kuma ko ana mayar da abin da aka zaro. A yawancin tambayoyin ba a mayarwa. Idan aka ce ana mayarwa kuma launi takamaimai ake nema, babu lambar da za ta ba da tabbaci, domin kana iya kwana kana zaro baƙa.

Mataki na 2: Zana gidaje

Ja layi ka raba takardarka gida-gida, kowane launi da gidansa, ka rubuta adadin da ke akwai a saman kowane gida. A misalinmu gida uku ne: baƙi 10, fari 8, ja 4. Masana lissafi suna kiran wannan ƙa'idar ɗakin tantabara, wato idan tantabaru sun fi ɗakuna yawa dole biyu su kwana ɗaki ɗaya. Ana jingina ta ga wani masanin lissafi Bajamushe mai suna Dirichlet, wanda ya yi amfani da ita. Ba za a tambaye ka sunansa ba, amma hoton ɗakunan yana da amfani.

Hattara: ba kullum launi ne gida ba. Idan tambayar ta ce safa ta manya da ta yara a gauraye suke, kuma dole launi da girma su dace, to baƙar manya gida ce, baƙar yara wata gidan ce. Launi uku da girma biyu gida shida ke nan. Wanda ya ƙirga gidaje ba daidai ba, duk abin da ya biyo baya ya lalace.

Hattara ta biyu: fahimci abin da lambobin suke ƙirgawa. A lefe idan aka ce takalmi ƙafa shida, wari 12 ake nufi. Haka a tambaya, "safa ƙafa biyar" wari 10 ne. Mayar da komai zuwa wari kafin ka fara.

Mataki na 3: Rubuta abin da zai zama faɗuwa

Wannan matakin ɗalibai suke tsallakewa saboda gaggawa, alhali shi ne ginshiƙin aikin. A layi ɗaya ka rubuta abin da ake nema, a layi na biyu ka rubuta yadda mutum zai kasance bai same shi ba.

Ana neman biyu masu launi ɗaya? Faɗuwa ita ce kowane gida bai wuce ɗaya ba. Ana neman farare biyu? Faɗuwa ita ce gidan fari bai wuce ɗaya ba, sauran gidajen kuwa su cika su batse babu ruwanka. Ana neman ko da ɗaya daga kowane launi? Faɗuwa ita ce gida ɗaya ya zama fanko. Ana neman launi biyu mabambanta? Faɗuwa ita ce duk abin da ka ɗiba ya fito daga gida ɗaya.

Tambayoyi huɗu ke nan a kan durowa ɗaya, kuma za ka ga amsoshinsu ko kusa ba su yi kama da juna ba.

Mataki na 4: Cika gidajen har bakin faɗuwa

Yanzu ka zama maƙiyin kanka. Ka yi ta zuba safa a gidajen, iyakar yawan da za ka iya, muddin abin da ake nema bai samu ba. Ka tsaya a daidai inda ko ɗaya aka ƙara wasan ya ƙare.

Biyu masu launi ɗaya, kowane launi ne. Baƙa ɗaya, fara ɗaya, ja ɗaya. Guda 3 ke nan, har yanzu wari da wari. Lura cewa 10 da 8 da 4 ɗin nan ba su yi aikin komai ba a nan. Ko baƙaƙen dubu ne, gida uku dai gida uku ne. Masu shirya jarrabawa suna zuba manyan lambobi da gangan don ɗalibi ya ji dole sai ya yi amfani da su.

Uku masu launi ɗaya. Biyu a kowane gida, 2 da 2 da 2, guda 6.

Shida masu launi ɗaya. A nan akwai tarko. Ɗalibin da ya haddace "biyar sau uku" zai ce 15. Amma jajaye 4 ne kacal a durowar, ba za ka zuba biyar a gidan da ke da huɗu ba. Don haka baƙi 5, fari 5, ja 4, jimilla 14.

Hattara: kafin ka rubuta lamba a kowane gida, ɗaga ido ka dubi adadin da ka rubuta a samansa. Idan abin da kake son zubawa ya fi abin da ke akwai, ka tsaya a abin da ke akwai. Wannan kuskuren ya fi kowane yawa a cikin takardun da nake dubawa, kuma yaran da suka fi ƙoƙari ne suke yin sa, saboda sun riƙe ƙa'ida sun daina kallon durowar.

Farare biyu. Mara sa'a sai ya kwashe duk abin da ba fari ba tukun: baƙaƙe 10 da jajaye 4, guda 14. Sannan ya samu fara ɗaya, 15 ke nan, kuma har yanzu bai cika biyu ba. Mutane da yawa suna mantawa da wannan fara ɗayar.

Ɗaya daga kowane launi. Gida ɗaya za a bari fanko, to wanne? Wanda ya fi ƙaranci, domin barinsa ne zai ba ka damar kwasar kaya mafi yawa. Ka bar ja, ka kwashe baƙi 10 da fari 8, guda 18. Da baƙi ka bari, 12 kawai za ka ɗiba, wannan kuwa bai kai matuƙar rashin sa'a ba.

Launi biyu mabambanta. Gida ɗaya za ka yashe, sai ka zaɓi mafi girma: baƙaƙe 10.

Mataki na 5: Ƙara ɗaya

Abin da ka samu a mataki na huɗu shi ne iyakar wanda bai dace ba. Na gaba da shi ba shi da wurin ɓuya. Saboda haka amsoshin su ne: biyu masu launi ɗaya 4, uku masu launi ɗaya 7, shida masu launi ɗaya 15, farare biyu 16, ɗaya daga kowane launi 19, launi biyu mabambanta 11.

Hattara: a jarrabawar zaɓi-ɗaya, lambar da ta gaza amsa da ɗaya kusan kullum tana cikin zaɓin, tana jiran mai gaggawa. Idan ka gama ƙirga ka ga 18 a jerin, kada ka yi murna, duba ko 19 tana kusa da ita.

Ɗaya ake ƙarawa, ba biyu ba. Masu ƙara biyu a tambayar farare biyu su ne waɗanda suka tsaya a 14. Amsarsu za ta fito daidai, amma gara ka saba da hanya ɗaya: cika har baki, ƙara ɗaya. Ranar da aka nemi farare biyar ba za ka ruɗe ba, 14 da 4 da 1, wato 19.

Ga wani daga kasuwa. Ƙwaryar goro guda 100 ce. A ce 70 ja ne, 30 fari, an zuba su a buhu. Don ka tabbatar da goro 10 masu launi ɗaya, 9 da 9 da 1, wato 19. Amma idan tsohuwa ta ce ita fari take so guda 10, sai 70 da 9 da 1, wato 80. Buhu ɗaya, goro ɗaya, kalma ɗaya ce ta kai amsa daga 19 zuwa 80.

Mataki na 6: Idan akwai dama da hagu

Safa ba ta da dama da hagu, takalmi da safar hannu suna da su. Da zarar ka ga ɗayan biyun nan a tambaya, raba kowane gida biyu.

A ce silifas ne a buhu, duk lamba ɗaya: baƙaƙe ƙafa 5, jajaye ƙafa 3, shuɗɗa ƙafa 2. Ƙafa 10 ke nan, wari 20. Ana son dama da hagu masu launi ɗaya, abin da mutum zai sa ya fita ba a yi masa dariya ba. Mara sa'a zai yi ta zaro na hagu: baƙi 5, ja 3, shuɗi 2, guda 10, babu abin sawa. Ko da ya gauraya, a ce baƙaƙen duk hagu, jajayen duk dama, lissafin bai wuce 10 ba, tunda gefe ɗaya kawai yake iya ɗauka daga kowane launi. Na 11 dole ya samu abokinsa. Amsa 11, ba 4 ba.

Idan jan silifas ake so takamaimai, sai ya kwashe baƙaƙe wari 10 da shuɗɗa wari 4, sannan jajaye 3 na gefe ɗaya. Guda 17, a ƙara ɗaya, 18.

Wani ɗalibi ya taɓa tsayar da ni a nan, ya ce Malam, ai ko a duhu hannu yana gane dama da hagu. Yana da gaskiya, kuma na ji daɗin tambayar. Idan an yarda ka lalluba ka zaɓi gefe, amsar farkon tana sauka zuwa 10: ka ɗauki na dama 9, wanda dole ya haɗa launukan uku tunda 5 da 3 takwas ne kawai, sannan ka ɗauki na hagu ɗaya, duk launin da ya fito yana da aboki. Amma a ɗakin jarrabawa kada ka yi wannan wayon sai tambayar ta faɗa da bakinta cewa ana iya bambancewa da hannu. Idan ta yi shiru, ɗauka cewa ba a iyawa.

Mataki na 7: Idan ƙafa fiye da ɗaya ake nema

Mu koma durowarmu. Ana son safa ƙafa biyu, wato na mutum biyu, kowanne nasa su dace. Kafin ka taɓa biro, warware abu ɗaya: baƙaƙe huɗu za a ƙirga su ƙafa biyu, ko dole launin ƙafa ta farko ya bambanta da na ta biyu?

Idan ba a damu da bambanci ba, mara sa'a zai samu ƙafa ɗaya cikakkiya, sannan wari ɗaya maraya a kowane gida. Misali baƙi 3, fari 1, ja 1, guda 5. Amsa 6. Ƙafa uku kuwa, cikakku biyu da marayu uku, guda 7, amsa 8. Kowace ƙafa da aka ƙara, biyu take ƙarawa a kan amsa.

Idan dole launin ya bambanta, labari ya sha bamban. Zai kwashe baƙaƙe 10 duka, wanda launi ɗaya ne komai yawansu, sannan fara ɗaya da ja ɗaya, guda 12. Amsa 13.

Hattara: wannan ƙarin biyu-biyun yana tsayawa idan aka doshi ƙarshen kaya. A ce ƙafa 10 ake nema daga cikin 11 da durowar ke da su. Bin ƙa'ida ido rufe zai ba ka 22. Amma gwada: duk lokacin da ka ɗibi 21, wari ɗaya kawai ka bari, ƙafa ɗaya ce ta lalace, saura 10 cif. A 20 kuwa kana iya samun baƙi 10, fari 7, ja 3, wanda ƙafa 9 ne. Amsa 21. Idan abin da ake nema ya kusa cinye durowar, ya fi sauƙi ka ƙirga daga abin da aka bari a ciki.

Mataki na 8: Idan an juya tambayar

Wani lokaci ba za a tambaye ka guda nawa za ka ɗiba ba. Za a ba ka adadin, a ce aƙalla nawa ne dole su haɗu a gida ɗaya.

Sunayen rana sun isa misali. Ladi, Altine, Talatu, Balaraba, Lami, Jummai, Asabe: rana bakwai, gida bakwai. Yara 8 in suka taru dole biyu an haife su rana ɗaya ta mako, yara 15 dole uku. To a aji mai ɗalibai 60, aƙalla nawa ne suka haɗa ranar haihuwa ta mako? Raba 60 gida 7, ka samu 8 da ragowar 4. Ragowar nan dole su faɗa wani gidan, don haka akwai ranar da ta tara aƙalla 9. Haka ɗalibai 50 da watanni 12: 4 da ragowar 2, amsa 5.

Hattara: ɗaya ake ƙarawa, ba ragowar ba. Amsar 60 ɗin nan 9 ce, ba 12 ba, domin huɗun da suka rage suna iya watsuwa gida huɗu. Idan kuma rabon ya tafi babu ragowa, ba a ƙara komai. Ɗalibai 49 a rana bakwai, amsa 7, tunda suna iya zama bakwai-bakwai.

Mataki na 9: Gwada amsarka ta fuska biyu

Kada ka miƙa takarda sai ka yi wa amsarka tambaya biyu. Ta farko: idan na rage ɗaya, zan iya nuna ɗiban da bai dace ba? Dole ka iya faɗinsa da lambobi, kamar baƙi 10, fari 8, ja babu. Idan ka kasa, amsarka ta yi yawa. Ta biyu: a kan amsar kanta, akwai wata hanyar kuɓuta da ban gani ba? Sauya gidan da ka cika ko wanda ka bari, ka ga ko jimilla za ta ƙaru. Idan ta ƙaru, amsarka ta yi kaɗan.

Sai duba na ƙarshe mai ɗaukar daƙiƙa biyu: amsa ba za ta taɓa wuce jimillar kayan ba. Wanda ya samu 25 a durowa mai 22 ya san ya ɓata hanya. Idan kuma aka nemi jajaye biyar alhali huɗu ne a ciki, amsar ita ce ba zai yiwu ba, kuma akan sa irin wannan don a ga wanda yake karanta tambaya.

Idan yaro kake koya wa

Kada ka fara da takarda. Zuba murafen a baƙar leda, kai ka riƙe ledar, ka ce masa ya faɗi guda nawa yake so don ya samu biyu iri ɗaya. Kai ne za ka leƙa ka zaɓo masa, kuma da mugunta za ka zaɓa. Ya ce biyu, ka ba shi kala biyu. Ya ce uku, ka ba shi kala uku. Zai yi fushi ya ce kana cuta, ka ce eh, aikinka ke nan. A na huɗu zai ga ka rasa yadda za ka yi. Daga nan ku yi musanya, shi ya riƙe leda ya cuce ka. Yaron da ya iya cutar babansa a wannan wasan cikin minti ashirin ya gama da mataki na huɗu, saura rubutu.

Ga guda uku na gwaji, a kan gwangwanin alawa mai ɗauke da ta madara 12, ta lemo 9, ta minti 5, ta citta 2. Guda nawa za a ɗiba don a tabbatar da huɗu iri ɗaya? Guda nawa don a tabbatar da ta minti uku? Guda nawa don a tabbatar da kowane iri ya fito?

Rufe nan da hannunka sai ka gama. Ta farko 3 da 3 da 3 da 2, wato 11, amsa 12. Ta biyu 12 da 9 da 2 da kuma ta minti 2, wato 25, amsa 26. Ta uku 12 da 9 da 5, wato 26, amsa 27. Wanda ya samu 13 a ta farko, ta citta ce ta kama shi, ya koma mataki na huɗu.